Tsakanin Ruwan Inabi Da Giya: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

A wata walimar ɗaurin aure da aka yi a unguwar Kumbiya-Kumbiya cikin garin Gombe, an jera wa baƙi waɗansu dogayen kwalabe masu toshiya, waɗanda aka ce ruwan inabi ne marar sa maye. Samari suka yi ta sha, amma wani dattijo ya ture tasa gefe, don a ganinsa abin da ya yi kama da giya ya cancanci a yi masa tambaya. To, mai karatu, dattijon nan yana da hujja, kuma amsar tambayarsa tana cikin sanin yadda inabi yake rikiɗa.

Ba sai an ƙetare teku ba kafin a ga gonar inabi. A ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, kusa da Zariya, manoma sun yi suna wajen nomansa. Itacen mai yaɗo ne, saboda haka akan kafa masa rumfa ya hau. A Turai sanyin hunturu ne yake sa shi ya zubar da ganye ya huta, amma a ƙasa mai zafi irin tamu sai manomi ya datse rassan da kansa, sa'an nan ya yi toho, ya yi fure, 'ya'yan su nuna bayan kamar wata huɗu. An fi so nunarsa ta faɗo cikin rani, domin damina tana kawo masa cutar fumfuna. Maganin da ya fi shahara a kan wannan cuta, watau haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa, wani masanin tsirrai mai suna Millardet ne ya bayyana shi a 1885 a yankin Bordo na ƙasar Faransa.

Shi wannan yanki na Bordo yana cikin manyan wuraren yin giyar inabi a duniya, har ma tun 1855, zamanin Napoleon na Uku, aka jera manyan gidajen giyarsa daraja-daraja. Matafiya sukan bi gonakin suna kallon aikin. Ana tsinko inabi a matse, a zuba a manyan tankuna. Ƙwayoyin yis, waɗanda ake samu a jikin ɓawon inabin ko kuma a zuba, su ne suke cinye sukarin ruwan, su mayar da shi barasa da iska mai kumfa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zaƙi ya tafi, maye ya shigo, galibi kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari. Masu sana'ar ɗanɗano sukan duba launi, su sansana, su kurɓa su tofar. Musulmi dai ba shi da rabo a wannan, amma sanin hanyar zai tsare shi daga faɗawa cikinta bisa kuskure.

Louis Pasteur na Faransa ne ya nuna a 1857 cewa ƙananan halittu ne suke haddasa irin wannan rikiɗa, daga baya kuma ya nuna ɗumamawa tana kashe su. A 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, wanda ba ya son a yi amfani da giya a cocinsu, ya ɗumama ruwan inabi cikin kwalba, ya zauna da zaƙinsa bai juya ba. Daga nan sana'ar ruwan inabi ta samo tushe.

Saboda haka kwalaben da ake sayarwa iri biyu ne. Akwai ruwan da bai taɓa zama giya ba, sai dai an sa masa iska don ya yi kumfa. Akwai kuma wanda giya ce sosai aka yi, sa'an nan aka janye barasar da inji, kuma a ƙasashe da yawa doka ta yarda a bar har kashi 0.5 cikin ɗari. Malamai da dama ba su natsu da na biyun ba. Ya kamata mai saye ya karanta takardar jikin kwalba, ya duba lambar hukumar NAFDAC, ya ga ko an rubuta cewa cire barasar aka yi.

Haka nan uwargida mai matse inabi ko jiƙa zabibi a gida ta kula. An ruwaito a Sahihu Muslim cewa akan jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha, amma ba ya wuce kwana uku. A zafin Gombe kuwa, ruwan yakan fara kumfa tun kafin haka. In an ga kumfa da wari mai yaji, to, a zubar.

Abin da ya rage shi ne makomar manomi. Inabi ba ya jimre ajiya, wanda bai sayar da wuri ba asara ta hau shi. Alhali kuwa kimanin kilo 4 na ɗanye yana ba da kilo 1 na zabibi, ga iskar hunturu mai busarwa kyauta, mu kuwa daga waje muke sayo zabibin. Jihar Gombe tana da madatsar ruwa ta Daɗin Kowa a kan kogin Gongola, ga Kwalejin Tarayya ta koyon aikin lambu a garin. Idan hukuma da 'yan kasuwa suka haɗa kai aka gwada irin da zai karɓi ƙasar, aka koya wa matasa busar da shi da ɗura ruwansa a kwalba, wata rana mai walima a Kumbiya-Kumbiya zai ajiye wa baƙinsa abin sha wanda kowa ya san gonar da ya fito. Allah ya nuna mana, amin.