Shin Ko Kun San? Motar Lantarki 'Yar Kwatano a Cikin Badala

Shin ko kun san wanda ya sayi motar lantarki ta hannu batir ya saya, sauran duk 'yan rakiya ne? Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010, tana da layuka 12 a gaban direba masu nuna lafiyar batirinta. Dillali zai yi ta yabon fenti da kujeru, ku dai ku ƙirga layukan.

Ko kun san zafi ne babban abokin gabar batirin? Na Leaf ta farko ba ruwan sanyayawa gare shi ba, iskar gari kawai yake jira. A 2012 masu ita a birnin Phoenix na Amurka suka yi ta ƙorafin layukansu na zubewa tun motar ba ta tsufa ba. To ina ga Kano, inda zafin watan Afrilu kan haura maki 40? Inuwar darbejiya ma jari ce ga mai wannan mota.

Tana sabuwa fil, ma'aunin hukumar Amurka ya ba ta kilomita 117 a caji ɗaya. Daga Kano, Zariya ta fi ƙarfinta ke nan, balle Katsina. Amma zirga-zirgar Ƙofar Nasarawa zuwa Kurmi ko Kantin Kwari, nan ne gonarta: a cunkoso ba ta ƙona komai tana tsaye, in kuma aka taka birki wuta ce ke komawa batir.

Ga lissafi. A Afrilun 2024 aka mayar da yunit ɗaya na wutar Band A naira 225. Batirin Leaf ta farko yunit 24 yake ci, wato naira 5,400 a wancan farashin. Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, bai daina hawa ba har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024.

Sai dai a cikin gari matsalar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Gidajen ƙwaryar birni zaure gare su, ba gareji ba, lungu da yawa ko A Daidaita Sahu ba ya shiga. Mota a bakin titi take kwana, soket yana can ƙuryar gida, cajin kuma ya kan kai awa 10 ko fiye, in kamfanin wuta na KEDCO ya bar wutar. A ganina, wanda bai san inda zai jona ba, bai kai ga zancen ciniki ba tukuna. A kuma kula: wayar cajin tsofaffin motocin da suka fito daga Amurka ta wuta mai ƙarfin volt 120 ce, tamu 230. Jonawa kai tsaye, ƙonewa.

Babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu salansa. Taya da birki, kasuwar Ƙofar Ruwa ta wadatar. Amma wayoyin nan masu ruwan lemo wutar da ke cikinsu ta haura volt 300, kada a bar kowane mai gyaran waya ya sa musu hannu.

Shin ko kun san Basakkwace ne ya zana surar samfurin farko na Chevrolet Volt mai aiki da lantarki a kamfanin General Motors? Jelani Aliyu ke nan. Yana shugabantar NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas a 2020, aka kuma buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021.