3.4 Zaɓen Kifin Ado Daga Dangin Tarwaɗa

Babban ma'aunin zaɓe a nan shi ne girman da kifi zai kai idan ya riƙa, ba girmansa ranar saye ba. Alal misali, fileko na Kudancin Amurka, mai tsotsar gansakuka a jikin gilashi, yakan kai santimita 40, alhali ɗan'uwansa Ancistrus bai cika wuce 15 ba. Ita kuwa tarwaɗarmu takan haura mita 1, kuma tana haɗiye ƙananan kifaye. Saboda haka, mai ƙaramin akwatin gilashi gara ya zaɓi Ancistrus, ko Corydoras guda 6, domin su a garke suke rayuwa. Rashin lura da wannan kan jawo cunkoso, da gurɓacewar ruwa, da mutuwar kifayen.