Kalma Ɗaya, Ma'ana Ɗaruruwa

Mai koyon Turanci ya fi jin tsoron dogayen kalmomin nan na likitoci da lauyoyi. Alhali yawancinsu ma'ana ɗaya ke gare su, in ka riƙe ta shi ke nan. Masu ba da wahala su ne gajerun da ake koya wa ɗan firamare, irin su run da set da get.

A bugu na biyu na babban ƙamusun Oxford, wanda ya fito a 1989, an jera wa set ma'anoni 430 a matsayinta na aikatau, bayanin da ya ci kalmomi wajen 60,000. Da ita Bature yake faɗin faɗuwar rana, da ita yake daidaita agogo, da ita siminti yake daskarewa, da ita malami yake tsara tambayoyin jarrabawa. Ta daɗe tana riƙe da kambu, har sai da aka zo sabunta ƙamusun. Wani editansa mai suna Peter Gilliver ya shafe wata tara a kan run kaɗai, kuma a 2011 aka bayyana cewa ya samo mata ma'anoni 645.

Ma'anar run da aka fi sani ita ce gudu da ƙafa. Amma a bakin Bature kogi yana yin run, inji yana yi, hancin mai mura yana yi, launin atamfa in ya zuba a wanki yana yi. Shugaban kamfani run yake yi da kamfaninsa, ɗan siyasa a Amurka in ya tsaya takara ma run ya yi. Zuwan injuna da jiragen ƙasa ya ƙara mata kaya, sannan kwamfuta ta zo ta ɗora nata. Wanda ya lura zai ga zare ɗaya ya ratsa yawancinsu: abu yana tafiya bai tsaya ba.

Dalili kuwa, mutane ba sa son ƙirƙiro sabuwar kalma matuƙar akwai tsohuwa a kusa. Lokacin da Douglas Engelbart da abokan aikinsa suka ƙera 'yar na'urar nan ta nuni a allon kwamfuta a shekarun 1960, sun ga ƙarama ce mai igiya kamar wutsiya, sai suka ce mata mouse, wato ɓera. Tun a shekarun 1940 masanin harshe George Zipf ya nuna cewa kalmar da aka fi yawan furtawa ita ta fi tara ma'anoni. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda shi ma da kalmar ci yake cin tuwo, ya ci zaɓe, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci kasuwa, bai taɓa rikicewa ba.

Akwai kuma wata hanya dabam, inda kalmomi biyu da ba su haɗa dangi na kusa ba suke zuwa su yi kama. Bank mai nufin gaɓar kogi daga harshen mutanen arewacin Turai na dā ta shigo Turanci. Bank ta ajiyar kuɗi kuwa daga Italiyanci take, inda banca ke nufin teburin 'yan canji. Ita ce Hausa ta ara ta ce banki, ta bar wa Turawa gaɓar koginsu.

Inda abin ya fi haɗari shi ne kalmar da ke ɗauke da ma'ana biyu masu karo da juna. Sanction tana nufin amincewar hukuma, tana kuma nufin takunkumi. A majalisar Birtaniya, in aka yi table da ƙuduri an gabatar da shi ke nan don a tattauna; a majalisar Amurka kuwa an jingine shi ne. Winston Churchill ya ba da labarin yadda wannan kalma ta sa hafsoshin ƙasashen biyu jayayya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kafin su gane abu ɗaya suke so. To, in masu harshen sun yi tuntuɓe, ina ga mai fassara labarai da ke sauri kafin lokacin watsa su?

Saboda haka haddar kalma da fassararta guda ɗaya, yadda ake yi a makarantu da yawa, rabin aiki ne. Kalmomin da ke kewaye da ita su ke tsayar da ma'anarta. In ka buɗe ƙamus, kada ka tsaya a ma'anar farko: duba misalan jimlolin da ke ƙasa, ka nemi wanda ya yi kama da jimlar da ke gabanka.