Zinariyar Anka da Bukkuyum: Albarka ce ko La'ana?

'Yan'uwa cikin Almasihu, a shekarar 2010 mutuwa ta shiga ƙauyukan Dareta, Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Yaro ya fara amai da jijjiga, kwana kaɗan sai kabari. Yara fiye da 400 suka rasu, a ƙasar da Allah ya cika da zinariya. Duk sa'ad da irin wannan ta auku, ko ambaliyar da ta rushe gidaje a Gummi a 2024, tambayar da kan fara zuwa bakin mutum ita ce: wa ya yi mana baki?

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye zancen la'ana ba. A Maimaitawar Shari'a sura 27, Musa ya umarta kabila shida su tsaya kan Dutsen Gerizim domin albarka, shida kan Dutsen Ebal domin la'ana. A sura 28 albarka ta ɗauki aya 14, la'ana kuwa aya 54. Saboda nauyin wannan wuri, Yahudawa sukan karanta shi a majami'arsu da ƙaramar murya, cikin hanzari. Fitowa 20:5 ma ta ambaci alhakin iyaye a kan 'ya'ya har tsara ta huɗu.

Amma kada mu tsaya nan. Annabi Ezekiyel a sura 18 ya nuna ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. A Yahaya sura 9, almajirai suka nemi sanin zunubin wane ne ya sa aka haifi wani makaho. Yesu ya ƙi ɗora laifin a kan makahon ko iyayensa, ya warkar da shi. Bulus kuma ya tabbatar wa Galatiyawa (3:13) cewa Almasihu ya ɗauki la'anar a kan gicciye.

To, me ya kashe yaran nan? Likitocin ƙungiyar MSF da sauran masu bincike sun gano gubar dalma ce. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana niƙawa, ƙura ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe, su kai hannu baki. Da aka kwashe ƙasar mai guba, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013, aka kuma ba yara magani, mutuwar ta ragu ƙwarai.

Ga abin da ikilisiya za ta riƙe. Iyalin da ya gaskata bakin kaka ne ke bin sa zai kai ɗansa wurin mai karya asiri, asibiti kuwa sai lokaci ya ƙure. Uwar da ta binne ɗa, aka kuma ce mata la'ananniya, an kashe ta sau biyu. Mu yi addu'a, mu kai mara lafiya asibiti, mu raba niƙan dutse da gidajen kwana. Maƙwabcinmu, Kirista ko Musulmi, mu sa masa albarka, gama haka Romawa 12:14 ta koya mana.

Ubangiji ya tsare 'ya'yanmu. Amin.