Ma'aikaci da jakarsa: sautu, kilo da asiransi

A Damagaram, da zarar an ji ma'aikacin gwamnati ya samu takardar izinin tafiya aiki waje, wadda ake ce ma «ordre de mission», sai gidansa ya cika da masu sautu. Wannan ya kawo kilishi a kai ma ɗansa ɗalibi, waccan ta kawo takalman fata aikin dukawa. Tun bai kama hanyar Yamai ba, kilomita wajen 900, jaka ta fi ƙarfinsa.

To, takardar nan ba ta lamunci abin da ke cikin jaka ba. A zamanin Air Afrique, kampanin da ƙasarmu ta shiga kafawa a Yawunde cikin 1961 kuma ya rushe cikin 2002, kilo 20 ne rabon mai ƙaramin biye. Idan jaka ta ɓace, dokar Warso ta 1929 ke aiki: a kan nauyi ake biya, wajen dalar Amurka 20 kowane kilo. Babbar riga mai aiki da tsohon bargo duk kuɗinsu ɗaya in nauyinsu ɗaya.

Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta sake tsari. Inda take aiki, diyyar kaya tana da iyaka ga kowane matafiyi, kuma tun ƙarshen 2024 iyakar ta haura sefa miliyan 1. Mai kaya masu tsada sai ya bayyana darajarsu wajen awo, ya biya ƙari. In kaya sun lalace, kwana 7 gare shi ya rubuta ma kampani. In sun makara, kwana 21. Wanda ya tsaya sai ya komo Damagaram ya huta, galibi ya yi asara. A lura kuma, yarjejeniyar ta ba kowace ƙasa damar ware jiragen da gwamnati ke tafiyarwa da kanta, ba don ciniki ba. Saboda haka mai shiga jirgin hukuma ya tambayi sharaɗi a ma'aikatarsa tun bai tashi ba.

Asiransin lafiya daban yake. Bizar Shengen tana bukatar wanda ya kai yuro 30.000, kusan sefa miliyan 20; masu paspo na diplomasiya aka ɗauke ma wannan.

Mu koma ga sautu. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shiga da nama, don haka kilishin nan a hannun duwan zai ƙare. Wannan da sauƙi. Ran 19 ga Satumba 1989, jirgin UTA da ya taso daga Barazabil, ya bi ta Njamena za shi Pari, ya tarwatse bisa hamadar Tenere, cikin ƙasarmu. Mutum 170 suka rasu, bam ɗin kuwa cikin akwati yake. Shi ya sa ake tambayar matafiyi ko shi ya ɗaure kayansa da hannunsa. Ƙin sautun gwaggo da wuya, mun sani, amma a kwance ƙunshin gabanta kafin ya shiga jaka.