Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Ake Zaɓen Fitilar Leza Ta Wurin Biki?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Kano, wanda ya ce sana'arsa ba da hayar lasifika da fitilu a wuraren biki, ya rubuto yana cewa: "Don Allah a yi mini bayani a kan fitilar nan ta leza, mai feso zaren haske kore da ja a wurin casu da wasan dandamali. Ina so in saya. Wace iri ce ta dace, kuma shin gaskiya ne tana makantar da mutum?"

AMSA: To malam, mun gode da wasiƙarka, Allah ya sa albarka a sana'a. Bari mu fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai nauyi. E, gaskiya ne, tana iya yi wa ido lahanin da ba ya warkewa. Amma in an san kanta, ana aiki da ita lafiya lau.

Ita dai leza a shekarar 1960 aka fara ƙera ta, sa'ad da wani masani Ba'amurke mai suna Theodore Maiman ya fitar da haskenta daga dutsen yaƙutu a Jihar Kalifoniya. Bambancinta da ƙwan lantarki shi ne, hasken ƙwai watsuwa yake yi ko'ina a ɗaki, ita kuwa tattara nata take yi wuri guda, ya miƙe siriri kamar zaren da aka ja. Wannan shi ne kyanta, shi ne kuma haɗarinta. Ka san yadda yara kan tara hasken rana da gilashi har takarda ta kama wuta? To haka ƙwayar ido ke tara hasken leza a kan tantanin da ke can bayan ido, inda gani yake. Tantanin nan kuwa ba ya jin zafi, saboda haka mutum na iya ƙonewa bai sani ba, sai daga baya ya riƙa ganin baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla.

Zane-zanen da kake gani tana yi, a gaskiya ɗigon haske ne guda ɗaya. Wasu 'yan ƙananan madubai biyu ne a cikin na'urar ke juya shi da tsananin sauri, ido ya ɗauka layi ne ko fanka. Riƙe wannan da kyau, domin in maduban suka maƙale, duk ƙarfin hasken zai tsaya cak a wuri ɗaya.

In ka je saye, abu na farko ka duba ajin da aka rubuta a jikinta. Ƙa'idar duniya ta kasa leza aji-aji bisa ƙarfinta, ana kuma awon da miliwat, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat. Aji na 1 ba shi da haɗari. Aji na 2 bai wuce miliwat 1 ba, ƙiftawar ido ta isa kariya. Aji na 3R ya kai miliwat 5, aji na 3B ya kai 500, abin da ya haura nan kuwa aji na 4 ne, wanda ke iya ƙona fata, har ma ya kunna wa labule wuta. Yawancin na dandamali 3B ne ko 4. Kada ka ga an rubuta wat 1 ka raina, kana kwatanta ta da ƙwai mai wat 60. Wadda ba a rubuta ajinta ba, ka bar wa mai kanti abarsa.

Na biyu, kada ka bi yawan wat. Ba a ganin zaren leza a iska sai ya sami abin da zai daka, shi ya sa ake haɗa ta da injin hayaƙi. Zaure mai duhu da ɗan hayaƙi ba ya bukatar mai ƙarfi, a waje ma ƙurar hunturu kan fito da zaren sosai. Kuma ido ya fi kama kore, don haka koriya ta fi ja ko shuɗiya haskawa ko da ƙarfinsu ɗaya.

Na uku, nemi mai makulli, da maɓallin kashewa na gaggawa, da kuma abin da ke ɗauke hasken da kansa in maduban nan sun tsaya. In kana da na'urar sarrafa fitilu, tabbata tana da wurin jona wayar DMX. Ka guji 'yan arahar nan marasa suna, domin wasu korayensu na zubo wani haske da ido ba ya gani amma yana ƙuna. Araha dai ba ta ado. Sa'annan tun da da janareta za ka riƙa aiki, haɗa ta da sitabilaiza, ka kuma riƙa kakkaɓe ƙurar fankarta.

Sai batun kafawa. A Amurka ƙa'ida ita ce zaren hasken ya wuce aƙalla mita 3 sama da inda jama'a ke tsaye, ya kuma nisance su da mita 2 da rabi ta gefe. Ka ɗauki wannan ya zama naka awon. Ɗaure ta tamau a sama, kada ka ɗora ta kan lasifikar da ke girgiza. Kafin baƙi su iso, kunna ta da ƙaramin ƙarfi ka bi duk inda hasken ke sauka. Lura da madubai da gilasai da kayan ƙyalƙyali na adon wurin zaman amarya, don su kan dawo da hasken cikin jama'a. Ka tuna da mai hawa kujera, da mai goya yaro a wuya. A sa mutum guda kusa da maɓallin kashewa har a tashi. Gargaɗi masu ɗaukar hoto ma, domin leza kan ƙona idon kyamara da na waya.

Kada ka ce tsoratarwa ce. A watan Yuli na 2008, a wani bikin kiɗa kusa da garin Kirzhach na ƙasar Rasha, ruwan sama ya sa aka kafa rumfuna, hasken da aka shirya harbawa sama ya koma kan 'yan kallo, mutane da dama suka sami lahani a ido.

Daga ƙarshe, in bikin a fili ne, kada ka kuskura ka harba ta sama inda jirgi ke bi, balle ku da filin jirgin Malam Aminu Kano ke cikin gari. Tana ɗauke ganin matuƙi daidai lokacin sauka. A Amurka tun 2012 wannan laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 5.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai kuma mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.