Tarin Wasanni Da Bos Mai Taurin Kai: Darasi Daga Gidajen Gem Na Kwaciri

Duk wanda ya ratsa unguwar Kwaciri, cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, tsakanin La'asar da Magariba, ba zai rasa jin ƙarar janareta daga wani ɗan shago ba. In ya leƙa ciki sai ya tarar da akwatin talabijin biyu ko uku, da benci, da samari sun zura ido kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Wannan shi ne wurin da yara ke kira gidan gem, watau inda a ke biyan kuɗi a yi wasan bidiyo. Yawancin masu zuwa ƙwallon ƙafa su ke bugawa, wadda alƙalin wasa kan hura usur bayan 'yan mintoci kowa ya kama gabansa. Amma akwai wani irin wasa mai tafe da labari, wanda a ke binsa zango bayan zango, a ƙarshen kowane zango kuwa akwai wani ƙaton abokin gaba da ya tare ƙofa. Shi ne a ke kira bos.

Koke biyu a ke yawan ji daga masu wannan irin wasa, 'yan makaranta ne ko ma'aikatan da suka sayi na'ura suka ajiye a gida. Na farko, wasanni sun taru musu sun kasa gama ko ɗaya. Na biyu, wani bos ya tsare su mako da makonni. A ganinmu waɗannan koke biyu ciwo ɗaya ne, kuma ciwon bai tsaya ga wasa kaɗai ba.

Daga Silima Zuwa Na'ura

Kalmar bos ta riga na'urar wasa shiga bakin Bakano. Waɗanda suka yi zamani da silimar Plaza a Fagge da El Dorado a Sabon Gari sun san tsarin fim ɗin Indiya da na Sin: akta ya fara da yaran bos, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a ƙarshe ya haɗu da maigidansu, ya sha kashi tukuna kafin ya yi nasara. Masu ƙera wasanni a Japan a kan irin wannan tsari suka gina nasu. A 1983 kamfanin Nintendo ya fito da na'urarsa ta gida, a 1985 kuma ya fito da Super Mario Bros., wanda aka kasa shi yanki takwas, kowane yanki yana ƙarewa da fada mai ɗauke da dodo. Kamfanin Sega ya biyo baya da Mega Drive a 1988. Cikin shekarun 1990 waɗannan na'urori da kwaikwayonsu masu araha suka cika rumfunan kayan lantarki na kasuwar Sabon Gari, tare da kaset ɗin nan da a kan rubuta wa wasanni 9999 a jiki, alhali kuwa 'yan kaɗan ne a ciki a ke ta maimaitawa.

Wasannin wancan lokaci da gangan aka tsananta su. Da yawansu an fara yin su ne domin ɗakunan wasa na Japan da Amurka, inda a ke jefa kwabo cikin na'ura, don haka duk faɗuwar ɗan wasa riba ce ga mai ɗaki. Ga shi kuma kaset ba ya ɗaukar abu mai yawa, sai wuya ta zama hanyar tsawaita gajeren wasa. A cikin Contra, wanda kamfanin Konami ya fitar a 1987, harsashi ɗaya ya isa ya kashe sojanka, rai uku kuma kawai a ke ba ka. Akwai wani jerin latse-latse na sirri da ke mai da rayukan 30 a na'urar Nintendo. Wanda ya ƙirƙiro shi, Kazuhisa Hashimoto, ma'aikacin kamfanin ne, ya kuwa yi shi a 1986 sa'ad da ya ke aikin wani wasa mai suna Gradius, domin shi kansa wasan ya yi masa wuya wajen gwaji.

To, yaron da ya tashi a wancan zamani kaset ɗaya ko biyu ya ke da su, wani ma aro ne. Yawancin wasannin ba su da wurin ajiye inda aka tsaya, saboda haka in aka ɗauke wuta sai a koma farko. Da ya ke ba shi da wani wasan da zai gudu zuwa gare shi, tilas ya haddace wanda ke hannunsa. Waɗanda suka kara da Shao Kahn, sarkin Mortal Kombat II na 1993, ba su manta da dariyarsa da gorin da ya kan yi wa wanda ya kayar ba. Amma masu lura sun gano cewa lokacin da ya tsaya yin gorin nan shi ne lokacin da ya ke sakin jiki, nan ne kuma a ke samunsa.

Yalwa Ta Zo Da Nata Ciwo

Abubuwa sun fara sauyawa da zuwan PlayStation 2 a shekarar 2000, na'urar da kamfanin Sony ya sayar da fiye da miliyan 150 nata a duniya. Faifan kwafi ya yi araha, ɗan katin ajiya mai cin megabait 8 kuma ya ba mutum damar tsayawa yau ya ci gaba gobe. Da na'urorin baya suka zo da rumbun ajiya a cikinsu, sai sana'ar masu tura wasanni ta buɗe. Mutum ya kai na'urarsa Sabon Gari da safe, ya dawo da yamma da wasanni ashirin a cikinta. Wayoyin da a ke saye a titin Beirut da kasuwar Farm Centre su ma kowace cike ta ke da nata.

Wannan ciwo ba na Kano kaɗai ba ne. Mutanen Japan har suna gare su na irin wannan tari, suna ce da shi tsumige, watau wasannin da aka jibge. A 2014 mujallar Ars Technica ta Amurka ta bincika kasuwar wasanni ta intanet mai suna Steam, wadda kamfanin Valve ya buɗe a 2003, ta gano cewa kusan kashi 37 cikin 100 na wasannin da mutane suka mallaka a can ba a taɓa kunna su ko sau ɗaya ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. Babban wasan labari na wannan zamani ya kan ci sa'a 50, wani ma ya wuce. Ma'aikacin da ya tashi ofis, ya yi cefane, ya zauna da iyali, in ya yi sa'a ya kan sami sa'a ɗaya bayan Isha'i, in da wuta. Mu ce dare biyar a mako. Wasa ɗaya ke nan zai ci masa mako goma, wasa ashirin kuwa mako 200, watau kusan shekara huɗu, daidai da lokacin da ɗalibi kan ɗauka ya gama digiri a Jami'ar Bayero. Ta wajen kuɗi kuma, sabon wasa na asali dala 70 ne a Amurka. A 2024, sa'ad da dala ta haura naira 1,500, wannan ya zarce naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu cikin watan Yuli na shekarar naira 70,000 ne. Ga kuɗin man janareta, wanda ya ninka tun bayan janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Wannan tsada ita ke tura mutane ga kwafi, arahar kwafin kuma ita ke haifar da tarin.

Inda tarin ya haɗu da bos shi ne nan. Saurayi ya fara wasa da zumuɗi, ya isa wurin bos na uku, aka kayar da shi sau goma. Da ne, sai ya sake ɗaura ɗamara. Yanzu kuwa wasa goma sha tara na jiransa, sai ya rufe wannan ya buɗe wani. In ya waiwayo bayan wata guda, ya manta labarin, yatsunsa sun manta maɓallan, bos ɗin kuma ya ƙara yi masa kwarjini. In ka bincika tarin kowane ɗan wasa za ka tarar yawancin wasannin a bakin wata ƙofa mai wuya aka bar su.

Yadda A Ke Karawa Da Bos

Abin da ya kamata mai wasa ya fara sani shi ne, bos ba da ka ya ke faɗa ba. Mutane ne suka zauna suka tsara masa 'yan hare-hare ƙididdigaggu, kowane hari kuma yana da alamar da ke gabatarsa: ɗaga kafaɗa, ko ja da baya, ko wata ƙara. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san gogaggen ɗan dambe ba ya kai naushi da shigarsa fage. Ya kan zagaya, ya karanci tsayuwar abokin karawarsa, ya ga inda ya ke buɗe jiki. Haka ya kamata a ɗauki karon farko da na biyu da na uku, a mai da su na kallo da koyo, kada a sa rai da nasara a cikinsu.

Ba wanda ya fi Hidetaka Miyazaki na kamfanin FromSoftware tsayawa a kan wannan ra'ayi. Shi ya jagoranci Dark Souls na 2011 da Elden Ring na 2022, wasannin da ba su da maɓallin rage wuya. Duk da haka Elden Ring ya sayar da kwafi miliyan 12 cikin ƙasa da mako uku da fitowarsa, abin da ke nuna cewa mutane na son wuyar da ke da ma'ana. A cikinsa akwai wata mayaƙiya mai suna Malenia, wadda duk saran da ta yi maka ƙara mata lafiya ya ke yi, in ka kayar da ita kuma ta sake tashi da sabon salo. Wani ɗan wasa ya yi suna a duniya ta dalilinta. Ya kan shiga wasan baƙi ta intanet, sanye da tulu a kansa, ya kashe musu ita kyauta, har ya cika sau 1,000, kamfanin da ke sayar da wasan kuma ya aika masa da takobi na girmamawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a gidajen gem na Fagge, inda in zango ya gagara a kan miƙa wa gwanin layi abin latsawa, sauran su zuba ido su ga yadda ya ke yi. Neman taimako ba abin kunya ba ne, muddin an kalla an koya.

Sauran dabarun kaɗan ne. A yanke adadin gwaji tun kafin a zauna, in an cika a tashi, domin hannu mai fushi ba ya koyon komai, sau da yawa kuma abin da ya gagara da dare ya kan zo da sauƙi bayan an yi barci. In wasan na ba da dama, a koma baya a ƙara makami da ƙarfi. In yana da matakin sauƙi, magidancin da sa'a ɗaya ce gare shi ya zaɓe shi ba tare da jin nauyin kowa ba. A garin da wuta ba ta da tabbas kuwa, a riƙa ajiye inda aka kai a kowace gaɓa.

Game da tarin, magani ya fara daga biro da takarda. A rubuta duk wasannin, a kasa su uku: wanda a ke yi yanzu, guda ɗaya tak, da biyu ko uku da za su biyo baya, da sauran da za a goge ko a bai wa wani. Kada a tura sabo sai an gama na hannu ko an yanke shawarar barinsa. Taura biyu ba ta taunuwa. Ya kamata kuma a tuna wasa ba bashi ba ne. Wanda ya bar wasa domin bai yi masa daɗi ba bai yi laifi ba. Abin dubawa shi ne wanda ke jin daɗin wasa amma ya gudu da zarar ya yi tsauri, kuma ya mai da gudun al'ada.

Abin Da Ya Shafe Mu Duka

Mai karatu na iya tambaya, me ya kawo maganar wasan yara cikin wannan shafi? Dalili shi ne halin da mu ke magana a kansa yana nan a aji da ofis. Ɗalibin da ya sayi littattafan tambayoyin baya guda biyar, ya fara kowanne, ya ajiye shi da ya iso babin lissafin da ya gagare shi, tarinsa ke nan da bos ɗinsa, kuma babin na jiransa a zauren JAMB da WAEC da NECO tsakanin Afrilu da Yuli. Ma'aikacin da ya kan ture fayil mai rikici gefe ya ɗauki mai sauƙi, har teburi ya cika, shi ma haka ne, sai dai a nasa akwai wani bawan Allah da fanshonsa ko ƙarin girmansa ke kwance cikin fayil ɗin.

Akwai kuma ɗaya gefen. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Alamunta su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da ɓarnar da ya ke gani, yawanci har tsawon wata 12. Hukumar ta bayyana cewa kaɗan ne daga masu wasa ke kaiwa wannan matsayi, saboda haka bai dace iyaye su ɗauki duk yaron da ya riƙe abin latsawa a matsayin ɓatacce ba. Abin da ya dace shi ne su san wasan da ya ke yi, da inda ya ke yinsa, da kuɗin da ya ke kashewa, su kuma yanka masa lokaci. Masu gidajen gem na Kwaciri da Rijiyar Lemo da Sabon Gari su ma suna da nasu haƙƙin: kada su karɓi yaro da kayan makaranta a lokacin aji, su kuma kashe talabijin in an kira salla.

Yaron da ya zauna dare bakwai yana nazarin bos ɗaya har ya kayar da shi ya riga ya san cewa abu mai wuya yana da tsari, kuma yau da gobe a ke gane tsarin. Aikin malami da uba shi ne su nuna masa cewa littafin lissafi ma haka ya ke. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Allah Ya sa mu dace, amin.